Jinjina ga Masu Mulkin Hanyar Gobir

Mu Hausawa muna da wata muguwar ɗabi'a ta raina namu. Abu in ba daga ƙetaren teku ya zo ba, ba ya cika mana ido. Shekara da shekaru samari a Kano da Gusau da Sakkwato sun yi ta biyan kuɗinsu a ƙofar silima don su kalli fim ɗin kaboyi, inda wasu Turawa za su ɗaure fuska da ƙyalle su tare keken doki a jejin Amurka, a yi ta tafi ana fito. Alhali ga gwanayen wannan sana'a a gida, a gabashin jihar Sakkwato, tsakanin Isa da Sabon Birni da Gatawa, waɗanda in da za a haɗa gasa, kaboyin da ya fi kowa suna bai isa ya riƙe musu buta ba. Yabon gwani ya zama dole. To yau na zo biyan wannan bashi, a madadin duk wanda ya taɓa barin wasiyya a gida kafin ya shiga motar haya a tashar Sabon Birni.

A fara da wanda Amurkawa suke tunƙaho da shi, Charles Boles, da aka fi sani da Black Bart. Daga 1875 zuwa 1883 ya tare kekunan doki masu ɗauke da akwatin kamfanin Wells Fargo sau 28, a Kalifoniya da kudancin Oregon. A ƙafa yake zuwa, shi kaɗai, ya zura kansa cikin buhun fulawa da ya huda wa gurbin idanu, ya roƙi mai tuƙi cikin ladabi ya jefo masa akwatin kuɗi. Bai taɓa harbin kowa ba. Sau biyu ma har da barin 'yar waƙa a wurin, kamar wanda ya je zance. Ƙarshensa hankici ya yar, aka bi lambar da mai wanki ya sa a jiki har San Faransisko, aka kama shi, ya sha ɗauri a kurkukun San Quentin. Shi kuwa Jesse James, wanda aka cika duniya da labarinsa, yaronsa Robert Ford ne ya harbe shi a 1882 saboda kwaɗayin ladan da gwamnan Missouri ya sa a kansa. Ku ji fa. Fashi 28 a shekara 8, ba gawa ko ɗaya, sannan hankici ya tona asiri. A dajin da ke tsakanin Isa da Shinkafi, yaron da ya kawo wannan sakamako ko babur ba za a damƙa masa ba, sai dai a bar shi gadin waɗanda aka ɗaure.

Kaboyi yana da wata tawaya kuma. A can ƙasarsu ɗan fashi ne mai ɓuya, hukuma ce mai yawo a fili. Ya rufe fuska, ya sauya suna, yau ya kwana nan gobe can. A nan an gyara wannan kuskure. Bello Turji, ɗan asalin ƙaramar hukumar Shinkafi ta jihar Zamfara, bai taɓa wahalar da kansa da buhun fulawa ba. Fuskarsa tana cikin wayar kowa. Yana ɗaukar bidiyo, yana hira da 'yan jarida, kuma sunan Fakai, inda ya kafa dabarsa, ko yaron goye a yankin ya san shi. Mai ɓad da kama yanzu shi ne fasinja. Mai ɓuya shi ne basaraken da ya kwashe iyalinsa ya koma birni. Mai jiran rakiya kafin ya motsa shi ne jami'in gwamnati.

Abin da ya kamata a fara yaba musu shi ne riƙon gado. Dajin Gundumi tsohon daji ne mai tarihi. A 1824, da Baturen nan Hugh Clapperton zai shiga Sakkwato daga wajen Kano, sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika masa da mahaya dawaki suka rako shi, saboda ana tare ayari a dajin. A 1853 Heinrich Barth ya ratsa shi, tafiyar da ta zarce awa 24 ba a sauke kaya ba, don tsoron abin da ke cikin duhuwa. Lokacin yaƙi ne tsakanin dauloli. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka gwabza a Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshe nasu ya kafa Sabon Birni. Sai zamani ya zo da shisshiginsa, aka shimfiɗa kwalta daga Marnona ta ratsa Gundumi ta shiga Isa, har ta kai mace mai goyo tana iya zuwa Sakkwato ta sayo kaya ta dawo ta tuƙa tuwon dare. Wannan ai ɓata tarihi ne. Jarumanmu ba su lamunta ba. Suka mayar da hanyar yadda Barth ya same ta, direbobi suka ƙaurace mata suna zagaye ta Goronyo, ciyawa ta ci gefen kwalta. Wace hukumar adana kayan tarihi ce ta taɓa dawo da ƙarni na 19 ɗungurungum, har da tsoronsa, ba ta nemi kasafin ko kwabo ba?

Tarbiyyar tafiya ma sun dawo da ita. Je ka tashar mota da safe ka gani. Ba mai gaggawar sammako. Mota ta cika, amma direba yana jingine da ƙofa yana jiran motar farko ta iso daga can ɓangaren. Tana tsayawa ya leƙa ta taga.

"Maigida, ƙaƙa kunka baro hanya?"

"Lahiya lau munka wuto. Amma ku yi hamzari, kada ku bari rana ta karkata."

Sannan a ce bismilla. Alhajin da ke da shago uku ya bar shaddarsa a gida, ya sa tsohuwar taguwa da silifa, ya goge saƙonnin banki daga wayarsa, in ma bai ajiye babbar ya ɗauko 'yar ƙaramar ba. Malamin makaranta ya bar katin aikinsa ƙarƙashin katifa, in an tambaye shi manomi ne. Da an wuce gari na ƙarshe hira ta mutu. Ba ka jin komai sai ƙugin inji da wata tsohuwa a kujerar baya tana jan hasbunallahu. Direba idonsa rabi a kwalta rabi a daji, yana karanta ko ƙurar can ta shanu ce ko ta babura. Malamai sun yi ƙarni biyu suna wa'azi a kan ƙanƙan da kai da yawan ambaton Allah a ƙasar nan. Waɗannan bayin Allah sun cusa duka biyun cikin mota ɗaya a 'yan shekaru.

Sai haraji, inda gwanintarsu ta fi fitowa. Ƙasar Gobir ta daɗe da sanin rigimar haraji. Ranar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a taron idi na Magami, ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a saki 'yan kurkuku kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa, duk da jarumtarsa, ya amince. A Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin alamomin mulkin zalunci. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta guɗa. Duk waɗannan sun nuna rauni. Mutanen daji ba su da wannan lalura ta tausayi. Kuɗin shiga gona daban, kuɗin girbi daban, tarar gari in an taɓa musu yaro ko saniya daban. A 2024 Turji ya yanka wa mutanen Moriki, a ƙaramar hukumar Zurmi, naira miliyan 30 a kan shanun da ya ce sojoji sun salwantar masa. Soja ya yi, manomi ya biya. Wannan ai ya fi ƙarfin fiƙihun alƙalan birni.

A zauren mai gari ake zaman rabon, bayan isha'i, da cocila da littafin rubutu irin na 'yan firamare. A kasa kuɗin a kan gidaje. Mai shanun huɗa ya fi mai jaki, mai jaki ya fi matar mamaci, amma ba a tsallake kowa. Wani ya kai sansa ɗaya kasuwa, yana sane da cewa ɗayan ba zai ja garma shi kaɗai ba. Wata ta sayar da tunkiyar da take tanadi don auren 'yarta. A buga wa 'yan ci-rani a Legas da Fatakwal waya, mai turin baro da mai yankan farce kowa ya turo abin da ya sawwaƙa. Ranar wa'adi a ƙirga kuɗin a ɗaure da roba, a zuba cikin buhu, a nemi mai ƙarfin zuciya ya kai. Ba rasit, ba cike takarda, ba "dawo gobe, oga ba ya nan". Kuma ba a taɓa jin kuɗin ya yi ɓatan dabo tsakanin mai karɓa da baitulmali ba. Masu tara haraji na Abuja su zo da alƙalami su ɗauki darasi.

Ga cika alkawari, wanda ko maƙiyinsu ya shaide su a kai. In sun ce ran Laraba za su zo idan ba a biya ba, to ran Laraba za su zo. Mutanen yankin sun ga masu alkawarin rijiyar burtsatse, da masu alkawarin taki, da masu alkawarin gada. A cikin duk masu yi musu alkawari, waɗannan ne kaɗai ba sai an bi su da tuni ba.

Da mulki ya kankama sai aka shiga naɗe-naɗe. A Nuwamba 2021 jaridu suka ruwaito cewa a Gangara da Makwaruwa, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, 'yan bindiga sun tara jama'a, sun sauke masu gari, sun ɗora nasu. Daga Sakkwato aka musanta. Musu kuwa daga nisan da ya haura kilomita 100 ba ya da wuya. Ni abin da ya burge ni shi ne saurin aikin. Naɗin hakimi a hannun gwamnati sai an kafa kwamiti, an yi kamun ƙafa, takarda ta kwana wata shida a kan tebur. Su kuwa tsakanin hantsi da azahar sun gama, kuma ba wanda ya shigar da ƙara.

Tsarin mulkin Nijeriya ya ce kowa daidai yake da kowa, kuma duk mun san a takarda abin ya tsaya. A hanyar Gobir aka aiwatar da shi. A ƙarshen Mayu 2020, a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, an binne mutum 74 na hari ɗaya. A Oktoba 2021 aka shiga kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, gwamnati da bakinta ta ƙirga 43. A farkon Disamba na wannan shekara wata motar fasinja ta taso daga Sabon Birni cike da maza da mata da yara, masu barin gida don neman inda za su kwana da ido biyu rufe. Kusa da ƙauyen Gidan Bawa aka buɗe mata wuta, motar ta ƙone da mutane a ciki. 'Yan sanda suka ce 23, mutanen yankin suka ce sun fi haka, aka ɗora alhakin a kan yaran Turji. Black Bart akwati yake tambaya. Namu ba su tambayi komai ba. Ba su duba wane ne mai kuɗi wane ne matalauci ba, ba su tsaya bambanta jariri da tsoho ba. Kowa ya samu kaso ɗaya.

Sai wani mai hassada ya ce ai talakawa kaɗai suke iyawa. Aka ba shi amsa a ƙarshen Yuli 2024. Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, dattijo mai shekara sama da 70, yana dawowa daga Sakkwato aka tare shi a Kwanar Maharba, aka shiga daji da shi da ɗansa. Aka yi mako uku. Duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure, jini a tufafinsa, yana roƙon gwamnatin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa aiki ta cece shi kafin wa'adi ya cika. Wa'adi ya cika. Na faɗa muku suna cika alkawari. Ko gawar ba su bayar ba, sallar ga'ib aka yi masa. Ɗan kuwa, kamar yadda aka ruwaito, sai da aka kai naira miliyan 60 da babura 5 sannan ya dawo gida. Wannan a ƙasar da ake wa kirari da gidan faɗa, inda a da in sarki zai fita sai tambari ya sanar da gari. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala suna neman a daidaita mai rawani da talaka, har suka koma ga Allah ba su ga haka ba. Ga shi an daidaita su a gindin itace ɗaya, da igiya ɗaya, kowa da farashinsa.

Masana tattalin arziki ma suna da abin koyo. Kuɗin fansa ba ya tafiya shi kaɗai, yana da 'yan rakiya: buhun shinkafa, jarkar mai, katin waya, kwalin sigari, sabon babur da ledarsa. Dillalin babura ya samu ciniki, mai sayar da fetur a jarka ya gina gida, mai kai burodi daji ya ƙara aure. Fadamun Rima da Bunsuru, da aka yi ta takura musu da albasa da shinkafa da alkama ba hutu, yanzu da yawansu suna hutawa. Gayya ma, da zamani ya so kashewa, ta farfaɗo: akwai garuruwan da ake kiran majiya ƙarfi su je su nome gonar mai daji tukuna, kafin a ba su izinin taɓa tasu. Ba a taɓa jin wanda ya ce yana da uzuri ba.

A fagen zumuncin ƙasashe kuwa sun kunyata ECOWAS. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila da Faransa suka ja layi suka raba Gobir biyu, Tsibiri can, Sabon Birni nan. A Agusta 2019 Shugaba Buhari ya rufe iyakokin ƙasa, a Agusta 2023 aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yamai. Mai buhun shinkafa ɗaya a bayan babur ya ga tasku, bindiga kuwa ba a ji ranar da ta kwana a shingen kwastan ba. Jarumanmu suka ɗauki nauyin haɗa zumuncin da Turawa suka yanke. Dubun dubatar mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka jihar Maraɗi a ƙafa, da tabarmi da tukunya a ka, suka sauka wurin dangi a yankin Gidan Rumji, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tanadar musu matsugunai a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ba fasfo, ba biza. 'Yan Nijeriya, uwa ma ba da mama, suna layin karɓar tsaba a ƙasar da muke yi wa kallon ƙanwa.

Sun ce don kare makiyayi suka ɗauki bindiga, kuma kukan yana da tushe. An nome burtali, an cinye makiyaya, an daɗe ana tatsar Bafulatani a gaban alƙali da ofishin 'yan sanda, 'yan sa-kai sun kashe mutane a bainar jama'a ba tuhuma ba shari'a, kamar yadda aka yi a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a Oktoba 2021. To a dubi yadda masu kare shi suka share masa hawaye. Garken da aka fara korewa nasa ne. Rugar da ta ƙi ba da ɗa ko saniya sai ta tashi. Yau Bafulatanin da bai taɓa riƙe abin da ya wuce sanda ba yana shiga kasuwa da fargaba, matarsa ta daina kai nono gari, ɗansa in ya tsira daga daba bai tsira daga zargi ba. An kare shi har ya rasa garke da kasuwa da suna. A nan dole a miƙa wa 'yan sa-kai nasu kason na jinjina, domin duk marar laifin da suka kashe saboda kamanninsa, sun aika wa daba da ƙannensa kyauta.

Ga ladabi kuma. A Disamba 2021, tokar Gidan Bawa ba ta gama hucewa ba, Turji ya rubuta wasiƙa da Hausa zuwa ga Shugaba Buhari da Gwamna Matawalle na Zamfara da Sarkin Shinkafi yana neman sulhu, ya biyo ta da sakin mutum fiye da 50 da yake tsare da su. Aka yi ta godiya. Mutum ya ɗauke maka ɗa, ya dawo maka da shi a rame, ka ce Allah ya saka da alheri. Wane shugaba ne ya taɓa koya wa jama'arsa godiya irin wannan?

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma zai zama rashin adalci a bar mataimaka a baya. Akwai infoma, ɗan gari, wanda ake sahu ɗaya da shi a masallaci. Shi ya san wanda ya sayar da albasa jiya, da wanda ɗansa ya turo kuɗi, da motar da basarake zai shiga. Da an yi ɗauka shi ne na farko wurin jaje, har da ƙwalla. Akwai mai kawo harsashi, wanda bai taɓa makara ba.

Akwai kuma hukuma, wadda ta cancanci babban kaso. A 2019 aka zauna sulhu a Zamfara, a 2020 aka yi tayin shanu 2 ga duk wanda ya miƙa bindiga ƙirar AK-47, manomin da bai taɓa kashe kowa ba ko akuya bai samu ba. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Talaka ya rasa hanyar kiran agaji, mai daji ya koma layin Nijar ya ci gaba da ciniki, kuma a cikin watan aka afka wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma. A Nuwamba 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda, a Janairu 2022 aka buga a jaridar gwamnati. Ƙarin girma ne, kuma ba a rage musu albashi ba. A Yuli 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa ɗan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani da rana tsaka, alhali 'yan sandan Katsina sun sa naira miliyan 5 a kansa. A watan da ya biyo baya hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. Kuɗi ɗaya, laifi biyu. Bambancin kawai shi ne an san adireshin gidan talabijin.

Bayan rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, da matasa suka fusata suka fito titi a Sabon Birni, Shugaba Tinubu ya umarci ƙaramin ministan tsaro Bello Matawalle da manyan hafsoshi su tare a Sakkwato. A daidai wannan lokaci motocin yaƙi masu sulke guda 2 suka maƙale a laka a Kwashabawa ta Zurmi, Turji da yaransa suka yi bidiyo a jikinsu sannan suka cinna musu wuta. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce kwanakin Turji ƙidayayyu ne. Aka shiga 2025 ana ƙirga. Abu ɗaya ne ya so ɓata mana biki: a Satumba 2024 sojoji suka yi wa ɗan bindiga Halilu Sububu kwanton ɓauna a Zamfara suka kashe shi, mutumin da ake ganin ya gagara. Wannan bai kyautu ba, domin ya tona cewa in an ga dama ana iyawa, ya kuma sa mutane tambayar me ya hana a ga damar tun da wuri. Ƙananan sojoji da 'yan sanda da aka ajiye a bakin daji, ba isassun kayan aiki, ba mai kawo musu ɗauki in dare ya yi, da yawansu suka mutu a bakin aiki, su ba su cikin wannan jinjina. Ba su taimaka da komai ba.

Wuri ɗaya ne na ga gwanayenmu sun gaza, kuma gaskiya ta sa in faɗa. Sun hana malamin makaranta zuwa ƙauye, sun hana ma'aikacin asibiti kwana, sun hana motar taki da ta ɗan kasuwa. Amma akwatin zaɓe ya gagare su. Da zarar zaɓe ya ƙarato sai ka ga hanya ta buɗe, jerin motoci masu baƙin gilashi suna keta dajin da aka ce ba ya shiguwa, da sojoji gaba da baya, da atamfa da taliya da sabulu. Rakiyar da ba a samu ba ranar da sarki yake dawowa daga Sakkwato, ranar nan akwai ta har ta yi yawa. Za a tsaya a Gatawa, a yi addu'a ga mamata, a yi alkawarin tsaro, a bar gari kafin la'asar.

Don haka mutanen Gatawa da Isa da Sabon Birni, ranar nan kada ku ba mu kunya. Ku fito ƙwanku da kwarkwatarku, ku bi layi cikin natsuwa, ku dangwala wa waɗanda suka damƙa ku a hannun waɗannan ƙwararru. In an ƙirga ƙuri'u aka ga sun yi kaɗan, kada a zargi kowa da maguɗi. Wasu masu zaɓen suna Maraɗi, wasu suna daji ana haɗa kuɗinsu, wasu kuma tun Disamba 2021 ba su wuce Gidan Bawa ba.